Zanen jama'a, amma a cikin duhu

A 1842 ne Turner, gwanin zane na Ingila, ya zana dutsen Rigi na ƙasar Suwis da fentin ruwa, shuɗi da asubahi. Wani attajiri, Elhanan Bicknell, ya fara mallakarsa.

A 2006 aka yi gwanjonsa kan fam miliyon 5 da dubu 800, zai bar ƙasar. Gomnati ta dakatar da fitarsa. Gidan adana zane na Tate ya yi shela, jama'a suka yi karo-karo, wasu fam 5 kacal, har aka fanso shi a 2007.

To, amma haske na koɗar da fentin ruwa. Saboda haka zanen kan daɗe a ajiye cikin duhu, waɗanda suka zuba kuɗinsu kuwa sai sun jira ranar baje shi.