Filin Kimiyya: Dalilin Da Maganin Sauro Ke Kashe Sauro Ya Bar Mutum

Sau da yawa mukan fesa magani a ɗaki, sauro ya zube, mu kuwa mu kwana lafiya. Asirin abin yana cikin jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki.

Kowace jijiya, ta mutum ce ko ta ƙwaro, tana lulluɓe da wani tantani na maiƙo. Saboda sirantakarsa, sai an jera kimanin 10,000 kafin su kai kaurin takardar jarida. A jikinsa akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa gishirin sodiyam ya shiga, nan take su rufe. Wannan buɗewa da rufewa ita ce ke tura saƙo, kamar yadda Hodgkin da Huxley na Ingila suka bayyana a 1952.

Amma fa kama da wane ba ta wane. Tantanin dabbobi masu shayarwa ya fi yawan kitsen nan kolestarol, wanda ke ƙara masa ƙarfi. Ƙwaro kuwa ba ya iya haɗa shi da kansa, sai ya samu a abinci. Bugu da ƙari, manyan jijiyoyinmu suna da rigar kitse mai suna mayalin, wadda ke sa saƙo ya yi gudun mita 120 a daƙiƙa guda. Kyankyaso ba shi da ita, saƙonsa bai kai mita 10 ba.

Babban bambancin yana ga ƙofofin nan. Maganin famatirin, wanda aka haɗa a Ingila a 1973, yakan maƙale a ƙofar ƙwaro ya hana ta rufuwa, sai jijiya ta yi ta harbawa har jiki ya shanye. Ƙofar mutum ba ta kama shi sosai, ɗumin jiki yana rage masa kaifi, hanta kuma ta narkar da shi. Kyanwa da kifi ba su yi wannan sa'a ba, yana iya kashe su.

Abin tsoro shi ne sauro ya soma sauya fasalin ƙofarsa, maganin ya daina kama shi. Shi ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gidan sauro mai magani iri biyu. Saboda haka a kiyaye ƙa'idar fesawa, kada a kwana cikin feshi, a kuma riƙa kafa gidan sauro kullum.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.