Hankalin mutum a cikin kumbo

Masu adawa da tura ɗan Adam zuwa sararin samaniya sukan ce na'urori marasa matuƙi za su iya yin aikin da kuɗi kaɗan ba tare da an jefa rai cikin haɗari ba, kuma hujjarsu ba abar yarwa ba ce. Sai dai tarihin wannan fage tun daga ranar 12 ga Afrilu, 1961, lokacin da Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya kewaya duniya sau ɗaya cikin minti 108, ya nuna cewa akwai matsalolin da injiniyoyi ba sa hangowa daga ƙasa, waɗanda sai wanda ke cikin kumbon ne zai iya warware su nan take.

Alexei Leonov shi ne mutum na farko da ya fito daga kumbo ya yi shawagi a fili, a ranar 18 ga Maris, 1965, har na kimanin minti 12. Da yake babu iska a wajen da za ta danne rigarsa, iskar da ke cikinta ta kumbura ta har ta yi tauri, hannuwansa suka zame daga safar hannu, komawa ta ƙunƙuntar mashigar kumbon ta gagara. Ba tare da jiran umarni ba, ya buɗe mafitar iskar rigar ya rage ta, alhali ya san cewa raguwar matsin iska da sauri tana iya haifar da kumfa a cikin jini. Haka Neil Armstrong ya yi a ranar 20 ga Yuli, 1969, da ya ga kwamfutar kumbon Apollo 11 tana kai shi da abokin tafiyarsa wani rami mai manyan duwatsu a duniyar wata: ya karɓi tuƙi da hannunsa, ya nemi fili mai kyau, ya sauka man ya kusa ƙarewa. Wannan natsuwa a bakin mutuwa ita ce abin da ya sa 'yan sama jannatin farko suka cancanci yabo, musamman waɗanda suka ci gaba da tashi bayan sun san abin da ya sami 'yan'uwansu a 1967, shekarar da gobara ta kashe 'yan sama jannatin Amurka Grissom da White da Chaffee a wurin gwaji, lemar saukar Vladimir Komarov na Tarayyar Sobiyet kuma ta ƙi buɗewa.

Jarumtar tasu ta dogara ne kan dubban ma'aikata a ƙasa, kuma a nan ƙasar Hausa tana da rabonta. Kumbon da ke kewaya duniya yakan wuce saman kowace tasha cikin mintuna kaɗan, saboda haka hukumar NASA ta Amurka ta kafa jerin tashoshin bin diddigi, wato wuraren da ke karɓar saƙon rediyo daga kumbo su miƙa shi ga cibiya, kuma a Kano aka kafa ɗaya daga cikinsu. Tana cikin waɗanda suka bi diddigin ɗan sama jannatin Amurka John Glenn a ranar 20 ga Fabrairu, 1962, sa'ad da ya kewaya duniya sau uku.

Abin takaici ne a ce ɗalibin da ke haddace sunan Gagarin a Kano bai san garinsu ya taɓa sauraren muryar ɗan sama jannati daga sama ba. Ya kamata masu tsara manhajar makarantu da malaman kimiyya su shigar da labarin wannan tasha cikin darasinsu.