Baƙar Jakar Kawu

Ranar da aka zauna rabon gadon kawuna a Banga, abin da ya fi ba malamin rabo wahala wata baƙar jaka ce da aka jawo daga ƙarƙashin gado. Babu ko kwabo a cikinta, sai takardu: wasiƙar ba da kwangila, rasiɗan siminti da rodi, hotunan wani kwalbati da azuzuwa biyu, da kwafin wasiƙun tuni da ya yi ta rubutawa har rubutun nasa ya soma karkacewa. Malam ya juya su, ya ɗago kai ya ce, "To wannan dukiya ce ko labari?"

Kawu ƙaramin ɗan kwangila ne, irin waɗanda suka yi yawa a yankin Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, musamman da farar hula suka dawo a 1999. Wata ƙaramar hukuma, wadda ba zan kama sunanta ba, ta ba shi aikin gina kwalbatin da azuzuwan nan. An ba shi ɗan somin-taɓi, aka ce ya kammala a biya shi cikon. Ya ci bashin bulo, ya ci na siminti, mai tifa ya zuba masa yashi da tsakuwa a kan amana. Aiki ya yi kyau, jami'in sashen ayyuka ya zo ya gani ya yaba da baki. Takardar shaidar kammala aiki kuwa, aka ce sai darakta ya dawo daga Gusau. Kafin ya dawo an rushe shugabannin ƙaramar hukumar, an naɗa kantoma.

Na raka shi sakatariya sau da dama ina saurayi. Amsar ba ta canzawa: "Alhaji, a ƙara haƙuri, kuɗɗi ba su zaka ba." Wata rana wani sabon jami'i ya ce masa wannan ai bashin mutanen da suka wuce ne. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, da suka wuce sun tafi da kwalbatin ne?" Aka yi dariya, aka ba shi kujera, aka sallame shi hannu rabbana. A hanyar gida ya ce mini, "Ɗana, in ka girma, ko ɗan'uwanka ne ciyaman, kada ka ɗora bulo ɗaya sai ka ga takarda, kada kuma ka sallami leburori sai an sa hannu cewa ka gama."

A lokacin na ɗauka mugunta ce kawai ta mutanen ofis. Akwai ta, ban wanke kowa ba. Sai daga baya na gane cewa "kuɗɗi ba su zaka ba" sau da yawa gaskiya ce tsagwaronta. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason ƙananan hukumomi 774, wato kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, yake fara sauka. Daga can ake cire albashin malaman firamare da kason masarautu da ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, abin da ya rage shi ke isa sakatariya. Ciyaman yana da ikon ba da kwangila, mabuɗin kuɗin yana babban birnin jiha. Sai ya raba aiki don ya faranta wa magoya baya, yana fatan wata mai zuwa za ta fi wannan kauri.

Kotu fa? Ɗan kwangilar da ya kai ƙaramar hukuma ƙara ya san ya yi sallama da samun wani aiki. In ma ya yi nasara, dokar aiwatar da hukunci, a sashe na 84, ta ce sai da amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Ka ga an ce ka nemi izinin lauyan wanda kake bi bashi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan ƙofa da ta rufe wa irin su Kawu a buɗe take ga manya. A 2007, gab da saukar Obasanjo, an ba wani kamfani guda kwangilar gina cibiyar lafiya a kowace ƙaramar hukuma, ta wajen naira biliyan 37, ana cire kuɗin tun daga Abuja cikin kason ƙananan hukumomin. Gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta dakatar da ita, magana ta koma kotu. Haka kuma a 2021 aka yi ta kai ruwa rana tsakanin gwamnoni da gwamnatin Buhari a kan dala miliyan 418 da wasu masu ba da shawara da 'yan kwangila suka ce suna bin jihohi da ƙananan hukumomi dangane da kuɗin Paris Club. Masu wannan bashi ba su taɓa zaman benci a ƙofar ma'aji ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bashin hukuma kuma gangarowa yake yi. Mai bulo ya bi Kawu, magini ya daina gaishe shi a masallaci, lebura ya tafi ci-rani da haushi. Duk shekarar da aka ƙara, kuɗin na narkewa: buhun simintin da bai kai naira 3,000 ba kafin 2020 ya haura 10,000 a farkon 2024. Wanda aka biya bayan shekara biyar, guntun haƙƙinsa ya karɓa. A jihar da ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, inda kowane ɗalibin zaure ya san cewa mai hali ya jinkirta biyan bashi zalunci ne, ban taɓa jin an hau mumbari a kan wannan ba. Illar ta koma kan jama'a: masu tsoron Allah suka janye daga aikin hukuma, waɗanda suka rage suka koyi ninka farashi da rage siminti tun daga tushe, don ko rabi aka biya sun fita. Yanzu ga matsalar 'yan bindiga ta ƙaru, kowa ya sami hujjar barin aiki a rabi.

Ran 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. In ta tabbata, ciyaman ba zai sake nuna Gusau da yatsa ba, sai dai hukuncin bai ce komai a kan tsofaffin fayiloli ba.

Malam dai ya bi ƙa'ida: bashi kafin gado. Aka sayar da gonar fadama aka biya mai bulo da magajin mai tifa. Kuɗin da ake bin hukuma kuwa aka raba su a takarda, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Jakar tana wurin babban ɗan Kawu. Da ya ji labarin hukuncin a rediyo ya kira ni a waya ya ce, "Yaya, in ɗauko jakar Baba mu koma sakatariya?" Na ce ya fara duba ko gara ba ta ci wasiƙar kwangilar ba.