Sharhi: Wasiƙa ba ta isa inda babu adireshi, darasin gidan waya ga ƙauyukan Hausawan Gezira

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe birnin Wad Madani a ranar 11 ga Janairun 2025, bayan ya shafe fiye da shekara guda a hannun dakarun RSF, maganar gyara ce ta cika bakin mahukunta: wutar lantarki, ruwan sha, asibitoci da magudanan noman rani na Gezira. Ba a cika ambaton gidan waya ba, wanda mutanen Sudan ke kira busta. Da yawa za su ce ai zamanin wasiƙa ya wuce. Sai dai ga Hausawan da ke zaune a ƙauyukan Gezira, Sennar da Blue Nile, batun gidan waya ya wuce takarda da kan sarki. Batu ne na ko hukuma ta san inda mutum yake zaune, kuma ta yarda cewa nan ne gidansa.

Domin a gane haka, sai an waiwayi yadda ƙasashen duniya suka sauya aikin gidan waya a tsakiyar ƙarni na 20. Wasiƙu sun yi yawa har ma'aikatan da ke rarraba su da hannu suka kasa. A ƙasar Holan aka ƙera wata na'ura mai suna Transorma, wadda aka fara nunawa a 1927, Ingila ta kafa ta a Brighton a 1935, Amurka kuma ta kafa tata a 1957. Ma'aikaci zai zauna, wasiƙa ta wuce ta gabansa, ya karanta adireshi, ya danna lamba, na'urar ta jefa wasiƙar cikin ɗaya daga ɗaruruwan akwatuna. A 1960 Amurka ta buɗe gidan waya na farko da na'urori ke tafiyar da yawancin aikinsa, a birnin Providence.

Nan da nan aka gano cewa na'ura ba ta da amfani idan adireshi bai daidaita ba. Shi ya sa aka ƙirƙiro lambar shiyya. Jamus ta Yamma ta shigo da tata a farkon shekarun 1960, Amurka a ranar 1 ga Yulin 1963, Faransa kuma ta koma lamba biyar a 1972. Ma'ana, kafin na'ura ta yi aiki, sai da gwamnati ta zauna ta lissafa kowane gari da kowace unguwa, ta ba su lamba. Wanda ya shiga wannan lissafi, saƙonsa da takardunsa za su same shi, wanda bai shiga ba kuwa sai dai ya raɓu da wani.

A Sudan, zamanantar da gidan waya ta bi wata hanya dabam. Kan sarkin ƙasar da ya fi shahara, wanda aka fara bugawa a 1898, yana ɗauke da hoton masinja a kan raƙumi. Daga baya jirgin ƙasa da jirgin ruwan Nilu suka karɓi aikin, har ana rarraba wasiƙu a cikin tarago jirgi na tafiya. Layin dogo ya isa Wad Madani da Sennar wajajen 1909, sannan ya miƙa zuwa El Obeid. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu ta sama tsakanin Khartoum da Kano, yana yada zango a El Fasher, El Geneina, Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Maiduguri, kusan dai hanyar da alhazan ƙasa ke bi da ƙafa. Tafiyar da kan ci watanni ko shekaru ta koma ta 'yan kwanaki ga takarda. Bayan samun 'yancin kai a 1956, Sudan ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, UPU.

Amma saurin ya kan tsaya ne a tashar jirgi. Daga nan zuwa ƙauye, mutane ne ke ƙarasa aikin. Wasiƙar da aka rubuta da ajami a Sakkwato ko Damagaram, da Larabci ko Turanci a bayan ambulan, takan sauka a akwatin wani ɗan kasuwa ko malami a gari, ta jira ranar kasuwa, wani ya tafi da ita. Wasu ma ba sa bi ta gidan waya, sai su ba alhaji ko direban babbar mota, daga baya kuma aka koma ɗaukar murya a kaset.

Ko a tsakanin Hausawa da Fulanin yankin, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Maiurno, da ke kudu da Sennar a bakin kogi, gari ne mai suna da sarauta. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903, shi ya kafa shi da jama'ar da suka yi hijira. Wasiƙar da aka rubuta wa Maiurno ta san inda za ta. Ba haka abin yake ga dubban 'yan ƙwadago da suka shigo bayan an kammala madatsar Sennar a 1925 ba, waɗanda suka ɗauki nauyin shuka da tsintar audugar Gezira. Hukumar aikin ta san kowace hawasha, wato gonar da aka ba manomi, da lambarta da sunan mai ita a littafi. Matsugunan leburori kuwa, da ake kira kambo (jam'insu kanabi), inda mutanen yammacin Sudan da na Afirka ta Yamma ke zaune, an ɗauke su a matsayin zaman wucin gadi, ko da an haifi jikoki a cikinsu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ƙara tsananta lamarin, domin ta nemi shaidar cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba suna Sudan tun ƙarshen 1897. An sassauta sharaɗin daga baya, amma tabon bai goge ba.

Yaƙin da ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023 ya fito da illar wannan giɓi fili. A Fabrairun 2024 layukan Zain, MTN da Sudani suka ɗauke a mafi yawan ƙasar, manhajar Bankak da jama'a ke karɓar kuɗi da ita ta tsaya, mutane suka koma biyan kuɗi a shagunan Starlink domin su gaya wa dangi suna raye. A Disambar 2024 babban bankin ƙasar ya fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da ke hannun soja, bisa tsarin da ya buƙaci a zuba kuɗi a asusun banki. Buɗe asusu yana son takardar shaida, takardar shaida kuma ta fi sauƙin samu ga wanda hukuma ta san mazauninsa. Rikicin da ya fara a Yulin 2022 a jihar Blue Nile, wanda ya taso bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta tasu, ya ci ɗaruruwan rayuka ya kuma raba dubbai da gidajensu. A ƙarƙashinsa tambaya guda ce: wane ne ɗan wuri?

Don haka idan aka zo sake gina Sudapost, sayen kwamfutoci da na'urorin rarraba kaya ba shi ne matakin farko ba. Matakin farko shi ne wanda ƙasashen da suka yi nasara suka ɗauka a shekarun 1960: a lissafa kowane matsuguni, har da kanabi, a ba shi suna da lamba a hukumance. Fasahar yin haka ta yi arha yanzu. Ghana ta ƙaddamar da adireshin zamani na GhanaPostGPS a 2017, kodayake an ga cewa manhaja kaɗai ba ta isa ba idan ofisoshi da bankuna ba sa aiki da ita.

Akwai haɗari da bai kamata a rufe ido a kansa ba. A lokacin yaƙi, jerin sunaye da gidaje na iya zama makami, kuma an ruwaito hare-hare kan wasu kanabi a Gezira a Janairun 2025. Saboda haka aikin ya kamata ya kasance a hannun hukumar farar hula, tare da dattawan wurin, kuma abin da za a rubuta shi ne sunan wuri, ban da ƙabila.

Ga 'yan uwa a Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru da ke aika taimako Sudan, wannan ba labarin nesa ba ne. Yawancin abin da suke aikawa yana bi ne ta hannun amintaccen ɗan kasuwa, kamar yadda wasiƙun kakanninsu suka bi, kuma ranar da ya yi gudun hijira hanyar ta yanke. Adireshin da hukuma ta amince da shi, da reshen gidan waya mai iya karɓar saƙo da kuɗi, su ne za su rage wannan dogaro da mutum guda.