Tallafin manoman Amurka ba kuɗin tsintuwa ba ne

In dai kana leƙa Facebook ko TikTok, da wuya ba ka ci karo da labarin biliyoyin dalolin da Amurka ke raba wa manomanta ba. A Disambar 2025 ma, Shugaba Donald Trump ya sanar da tallafin dala biliyan 12, bayan takun-saƙar kasuwanci da China ta bar manoman waken soya da kaya ba masu saye. Nan da nan sai ka ji ana cewa: “Kai, ina ma a ƙasarmu ne!”

To, tsaya ka ji ragowar zancen. Yawancin kuɗin nan, doka tana ɗaukarsu a matsayin kuɗin shiga, tamkar na hatsin da manomi ya kai kasuwa. Ma'aikatar noma ta ƙasar tana aika wa manomi takarda mai lamba 1099-G da ke nuna abin da aka biya shi a shekara, kuma hukumar haraji ta IRS tana samun bayanin. In lokacin cike takardar harajin gona ya zo, wadda suke kira Schedule F, akwai layi na musamman da zai rubuta adadin. Ko taki aka ba shi a ƙarƙashin shirin gwamnati, sai ya lissafa ƙimarsa. In ya ɓoye, alƙaluma ba za su dace ba, wasiƙa za ta biyo shi har gida.

Amma fa bashi daban ne. A ƙa'ida rance ba kuɗin shiga ba ne, tunda biya za ka yi.

Wannan bambancin ne ya ba mu wahala a Najeriya. Ka tuna shirin Anchor Borrowers da marigayi Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015? Rance ne daga Babban Bankin Najeriya, amma da yawa suka ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa, biya ya gagara.

Yanzu kuma sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki a Janairun 2026. Naira 800,000 na farko na kuɗin shigarka a shekara ba haraji a kansu. Sai dai ta yaya za ka nuna abin da ka samu in ba ka rubuta ba?

Don haka in za ka shiga noma, kafin ka danna kowane adireshin neman tallafi, ka tambaya: kyauta ce ko bashi? Ka ajiye rasit na iri, taki da kuɗin ƙwadago. Ka buɗe wa gonar asusu nata daban.

Ita ma gwamnati ka tambaye ta: wa ya karɓa, nawa ya karɓa? Tallafin da ba a rubuta sunan mai karɓa ba, da wuya ya isa gona.