Soson kujera da katifa: abin da ido ba ya gani

Yau ina son mu yi magana a kan abin da muke zama bisa kansa, muke kwana bisa kansa, wato soso.

A da, nan Gidimuni, amarya tana tarewa da gadon kara, da tabarmar kaba, da matashin kai na audugar rimi. Yanzu ɗakin amarya ba ya cika sai da katifar soso da kujeru masu laushi. Mai hali ya je Damagaram, kasuwar Dole, ya sayo sabo. Marar hali ya sayi gwanjo, irin wanda ake saukewa daga jirgin ruwa a Kwatano. Wani kuma kujerar tsohuwar mota zai ciro, ya aje a ƙofar gida ko wurin mai shayi.

Bara da sanyi na shiga gidan ƙanwata. Na tarar kujerarta ta yage, soson ya fito, yana marmashewa kamar busasshen burodi. Ɗanta mai rarrafe ya ɗauki guntu ya kai baki. Ita kuma ta yago wani ta hura wuta da shi. Can wajen randa na hango wani guntun, da shi ake wanke kwanoni.

Na ce mata: "Ki daina wannan."

Ta yi dariya ta ce: "Yaya, soso ne fa, ba guba ba ne!"

Wannan amsa tata ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Da farko, mu san mene ne soso. Ba tsiro ba ne kamar auduga. Daga man fetur ake yin sa. Shi ya sa yake kama wuta da sauri, yana fitar da baƙin hayaƙi mai shaƙe mutum. A shekara ta 1979, gobara ta tashi a sashen kujeru na wani babban kanti a Mancesta, ƙasar Ingila. Mutum 10 suka mutu, yawancinsu hayaƙi ne ya kashe su.

Don tsoron gobara, Turawa suka nemi dabara. A 1975, jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka: dole soson kujera ya jure harshen wuta na daƙiƙa 12. Ingila ma ta yi tata dokar a 1988. Sai masana'antu suka shiga cuɗa soso da wani magani mai rage kamun wuta. Mafi shahara daga cikinsu ana kiran sa PBDE.

Niyya mai kyau ce. Amma garin neman gira, an kusa rasa ido.

Maganin nan ba ya zama cikin soso har abada. Kaɗan-kaɗan yake fita, ya haɗu da ƙurar ɗaki. Ba a ganin sa, ba a jin warinsa. Babba yana shaƙar ƙurar. Yaro kuwa ya fi kowa ɗauka, don a ƙasa yake wasa, kuma hannunsa kullum yana baki. In maganin ya shiga jiki, sai ya maƙale cikin kitse, ya yi shekaru bai fita ba.

A ƙasar Suwidin, masana sun auna nonon uwaye da aka aje tun daga 1972 har zuwa 1997. Sun ga maganin yana ninkuwa cikin nono kusan kowace shekara 5. Binciken da aka yi bayan haka ya nuna yana taɓa aikin ƙululun nan na wuya, wanda in ya kumbura muke ce masa maƙoƙo. An kuma ga yaran da suka ɗauki maganin da yawa tun suna ciki sun fi samun wahalar natsuwa da koyo.

Uwaye, ku ji da kyau: wannan ba dalilin hana yaro nono ba ne. Nonon uwa ya fi kome ga jariri. Ƙurar ce za mu yaƙa.

Da Turai ta gane, sai ta hana irin wanda ake sa wa soso a 2004. Amurka ma ta daina yin sa a ƙarshen wannan shekara. A 2009 aka sa shi cikin jerin gubar da yarjejeniyar Istokolm ta hana, kuma Nijar tana cikin wannan yarjejeniya. A 2013, ita kanta Kalifoniya ta canza dokarta. Ta koma gwada ƙyallen da ya rufe kujera da wutar taba sigari, don daga waje gobara ke farawa.

To, ga tambaya: kujeru da motocin da aka ƙera kafin a hana, ina suka tafi? Ba su ɓace ba. Da yawa an loda su a jirgi, an kawo mana. Abin da mai shi ya gaji da shi, mu muka biya kuɗi muka shigar da shi ɗaki.

Wani zai ce: "Malam, zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun ishe mu. Ina ruwan talaka da ƙurar soso?" Gaskiya ne, sauro da ruwa marar tsabta sun fi kashe mana yara. Gaskiya ne kuma ba kowane soso ke ɗauke da maganin ba, kuma ba ya kayar da mutum dare ɗaya. Ban ce kowa ya jefar da katifarsa ba. Amma ido ba ya bambanta mai maganin da marar shi. Rigakafin kuma ba ya cin ko dala. Me zai hana mu yi?

Ga abin da nake ganin ya kamata:

1. Kujera ko katifa in ta yage, a ɗinke ta nan da nan, ko a kai wa tela ya yi mata sabuwar riga. Kada a bar soso a fili.

2. Kafin shara, a yayyafa ruwa. A goge kujera da gado da jiƙaƙƙen tsumma. A buɗe taga iska ta shiga.

3. A wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci. Wannan ma maganin gudawa ne.

4. Kada a hura wuta da soso. Kada a ƙona tsohuwar katifa a bola. Hayaƙinta guba ne, ko da maganin ko babu.

5. Kada a wanke kwano da tsohon soson kujera. Soson gargajiya na yaɗo yana nan, ga tsumma, ga toka.

6. Kada a cusa marmashin soso a matashin jariri.

7. Soson da ya mutu, a ɗaure shi cikin buhu, a binne a kan tudu, nesa da rijiya. Kada a jefa shi tabki. Da ruwan nan muke ban ruwan lambu, ga rake ga dabino, kuma maganin yana taruwa a jikin kifi.

Batun gobara kuwa, hankali ya fi magani. Kada a sha taba bisa katifa. A nisanta fitila, da kyandir, da maganin sauro mai hayaƙi daga gado. Kaskon wuta na lokacin sanyi a fitar da shi kafin barci. Audugar rimi ma tana kama wuta da sauri, ita ma a kula da ita.

Iyaye masu haɗa kayan ɗaki, ina roƙon ku. Araha ba ta ado. Kujerar katako ko ta ƙarfe wadda masu sana'armu suka yi ta fi tsohuwar kujerar da ba a san inda ta fito ba. Tabarma ba abin kunya ba ce. Kada mu ci bashi mu sayo wa ɗiyarmu sharar wasu.

Hukuma ma tana da nata aiki. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka yi yarjejeniya a Bamako don hana shigo da shara mai guba. Ya kamata ƴan duwan su duba kaya da kyau. Abin da ya riga ya ruɓe, shara ne, ba kayan sayarwa ba. Ma'aikatan lafiya kuma su riƙa faɗa wa mata wannan magana ranar awo.

Ƙanwata dai ta kai kujerarta wurin tela. Ya ɗinka mata riga da atamfa mai ƙarfi. Yanzu da karmami take hura wuta.

Kai da ka karanta wannan, in ka koma gida yau, ɗaga zanen gado ka duba katifarka. Ka kuma karanta wa maƙwabcinka wanda bai shigo aji ba tukuna. Allah ya kare mu da zuri'armu, amin.