BINDIGA AMANA CE, A RUBUTA SUNAN MAI RIƘONTA

Cikin shekarar 1934 aka yi waɗansu abubuwa biyu a wurare masu nisa da juna. A nan gida, Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. A can Amurka kuwa, majalisarsu ta kafa doka a kan waɗansu irin makamai, cikinsu har da wani ƙarfe da a ke ɗaura wa bakin bindiga don ya rage ƙararta, watau abin da za mu kira takunkumin bindiga. Dokar ta ce duk mai son mallakarsa sai a rubuta shi a littafin Gwamnati, ya kuma biya harajin dala 200. Dokar 2025 ta ɗauke harajin daga farkon 2026, amma rajista tana nan.

To, rajistar sunan mutum ɗaya ta ke ɗauka. In ya ba ɗan'uwansa aro ya tafi da shi, an taka doka. In ya mutu, magada su shiga zirga-zirgar takardu. Saboda haka lauyoyinsu suka shiga shirya wa mutane takardar amana. Mai kaya ya kan sa kayan cikin amana, ya ambaci waɗanda za su riƙe ta, da wanda za ta koma wa bayan ransa, sa'an nan a yi rajista da sunan amanar. Da Gwamnati ta ga ana iya fakewa da wannan hanya a tsere wa bincike, sai cikin 2016 ta ce kowane mai riƙon amanar lalle ya kawo hotonsa da zanen yatsunsa, a kuma sanar da babban ɗan sandan wurin da ya ke zaune.

Takunkumin kansa ba mu da bukatarsa. A ƙauyukanmu ƙarar bindiga cikin dare ita ce yekuwar neman gudummawa, wanda zai so a ɓoye ta kuwa ba mai gadin gari ba ne. Takardar amanar ita ce ta ja hankalinmu, gama ciwon da ta ke magani muna da irinsa, har ma ya fi nasu tsanani.

Mu dubi dokarmu ta bindigogi ta 1959. Ta kasa su kashi uku. Na yaƙi da libarba, lasinsu sai daga Shugaban Ƙasa. Na farauta irin na Turawa, lasinsu daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar toka kuwa, al'amarinta na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka kama da laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Sharuɗɗa ne masu kyau. Amma dokar ba ta tanadi hanyar da dangi ko gari za su mallaki bindiga tare ba.

Alhali kuwa haka abin ya ke gudana a ƙasa. Maharbi ya rasu, bindigarsa ta shiga rabon gado tare da garma da koma, ba wanda ya tambayi halin ɗan da ta faɗa hannunsa. Mutanen gari su yi karo-karo su saya wa masu gadi, yau tana kafaɗar wannan, gobe ta wancan. In ta ɓace, ko ta yi ɓarna, sai kowa ya ce ba shi ba ne.

Ba mu ga laifin talakawa ba da su ke neman tsare rayukansu. Cikin watan Maris 2022 'yan fashin daji suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a wajen Sakaba, ƙasar Zuru, suka kashe fiye da 60. Cikin Nuwamba 2024 Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera, cikin ƙasar Augie ta masarautar Argungu. Wanda ya ga irin wannan ba za a ce masa ya rungume hannu ba. Amma bindigar da ba a san mai ita ba, ba ta da ƙabila: yau ta tsare gari, gobe ta tare hanya.

Shawararmu ita ce, wakilan Kebbi a Majalisar Tarayya su nemi a yi wa dokar gyara, a buɗe ƙofar amana ga bindigar toka da ta farauta kaɗai. A rubuta lambar bindiga ko alamarta, da sunayen masu riƙonta, da ɗakin da ta ke kwana, da wanda za ta koma wa. A binciki kowane ɗaya bisa sharuɗɗan da muka ambata, dagaci da hakimi su sa hannu. Kafin gyaran ya samu, babu abin da zai hana Kwamishina a Birnin Kebbi ya zauna da Sarakunan Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru a buɗe littafi a kowace gunduma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗansu za su ce rubuta suna share fagen ƙwace ne. Tsoron nan ba na banza ba ne, maganinsa kuwa Gwamnati ta riƙe tata amanar, ta ba wanda ya kawo kansa takardar da za ta kare shi. Waɗansu kuma za su ce wannan halatta wa gayya makami ne. Mu dai a ganinmu makamin ya riga ya shiga hannun gayya, suna ne kurum babu.

Wanda ya shiga tsohon gidan sarautar Argungu, wanda aka mayar gidan kayan tarihi na Kanta cikin 1958, zai ga masu da takubba da bindigogin mazan jiya a jere, suna hutawa. Muna fatan ranar da na yau za su bi su can. Kafin ta zo, jama'a, kowace bindiga a san wuyan da nauyinta ya ke.